Jan da Ya Riga Rini

Mariniya ta buɗe 'yar tagarta, ta ce da muryar nan tata mai laushi, "Buɗe baki, malam." Mutumin, wani mai gyaran fitilun titi da jakar kayan aiki a kafaɗa, ya wangale baki kamar yadda ya ga na gabansa sun yi. Wani siririn hannun ƙarfe ya fito daga cikin akwatin na'urar riƙe da zaren takarda wanda bai kai kaurin tsinken tsintsiya ba, ya zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, ya ɗan dakata, ya zaro, ya koma da shi ciki. Ko zafin cizon sauro mutumin bai ji ba.

Abin da ke faruwa a cikin akwatin ba sabon ilimi ba ne, saurin ne sabo. Mariniya takan shafa danshin da zaren ya ɗebo a kan fallen gilashi, ta busar, sannan ta zuba masa ruwa huɗu ɗaya bayan ɗaya. Na farko rini ne shunayya, mai shiga kowace ƙwayar bakteriya. Na biyu aidin, mai sa rinin ya zauna. Na uku sifirit, mai wanki: ƙwayoyin da ke da kaurin fata sukan riƙe shunayyarsu, masu siririyar fata kuwa su saki, su koma babu launi. Sai na huɗu, jan rini, ya zo ya rina waɗanda suka saki. A bakin mai lafiya, yawancin ƙwayoyin shunayya suke fitowa. Waɗanda ke cin dasashi su ruɓar da gindin haƙori, ja suke fitowa. Don haka Mariniya takan haska fitila ta cikin gilashin, ta auna yawan jan, ta yanke hukunci daga mataki na sifili zuwa na huɗu.

"Mataki na ɗaya," in ji ta. "Ka riƙa kurkure baki da wannan safe da yamma, ka dawo bayan wata uku." Wata 'yar kwalba ta faɗo a tire. Mutumin ya ɗauka, ya juya, daidai lokacin da jirgin gada, mai bin dogo ta saman birni, ya tsaya a tasha, ya shige abinsa. Minti ɗaya da rabi ke nan, babu daɗi babu ragi.

Dakta Uwani Sule tana tsaye a gefe da hannu a aljihun riga, tana kallo. Kowace Laraba da safe, kafin ta wuce ofis, sai ta sauka a babbar tashar birnin Kwazari ta tsaya nan ta ga na'urarta tana aiki. In an tambaye ta, sai ta ce sa ido take yi. Gaskiyar magana kuwa, daɗi take ji, kuma ta cancanci jin daɗin. Kafin shekarar 2091, birni mai mutum miliyan tara yana da likitocin haƙori ƙasa da ɗari, kuma ciwon dasashi ba a baki yake tsayawa ba, yakan bi jini ya taɓa zuciya. Yanzu akwai Mariniya ɗari uku a tashoshi da kasuwanni. Wanda ta samu da mataki na huɗu, sai ta ba shi rana a Cibiyar Lafiyar Baki, inda wata na'urar da mutanen gari suka laƙa wa suna Awartaki take zare haƙoran da suka lalace ba tare da zafi ba, ta dasa na tangaran a gurbinsu, mutum ya koma gida ya ci tuwon dare.

Sunan Mariniya ba da ka Uwani ta raɗa shi ba. Ita 'yar Karofi ce, tsohuwar unguwar marina da ke gindin birni. Mahaifinta, Sule Marini, ya mutu da hannu baƙi ƙirin har gwiwar hannu, shi ne na ƙarshe da ya tsoma zane a ramukan unguwar kafin su bushe. Takan ce da fara'a, ita ma rini take yi, sai dai zanenta ido ba ya ganinsa.

Da farko minti huɗu na'urar take ɗauka. Takan shafa gilashi biyu: ɗaya ta rina, ɗayan, wanda ake kira gilashin shaida, ta bar shi yadda yake, ta duba shi tukuna, sannan ta duba siffar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Amma jirgin gada kowane minti biyu yake zuwa, kuma mutumin Kwazari ya gwammace haƙorinsa ya zube da jirgi biyu su wuce shi. Uwani ta duba baki dubu talatin na gwaji, na ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, ta ga gilashin shaida bai taɓa canza hukunci ko sau ɗaya ba. Sai ta cire shi, ta cire duban siffa, ta bar awon launi kawai. Tun daga ranar layi ya cika.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mata a rai wannan makon, shi ma ba shakka ba ce, tausayi ne. Gobe Alhamis Awartaki za ta cire wa Gwaggo Tasalla haƙori goma sha ɗaya.

Gwaggo Tasalla ƙanwar mahaifinta ce, ita ta goya ta bayan rasuwar mahaifiyarta. Shekararta saba'in da huɗu, haƙoranta talatin da biyu suna nan, ga wushirya a tsakiya, kuma har yau da su take ɓare rake. In ta yi dariya a tsakar gida, maƙwabta sun san ta tashi lafiya. Uwani ce ta matsa mata ta je a duba ta, ita ce kuma ta karanta mata sakamakon makon jiya.

"Uwata, ni fa babu inda ke mini ciwo," Gwaggo ta ce a ranar. Haka take kiranta, domin sunan mahaifiyarsu aka sa wa Uwani.

"Haka ciwon yake, Gwaggo. Ba ya sallama. Sai ya gama cin gindi sannan a ji shi."

"Goma sha ɗaya? Haƙoran da na yi shekara saba'in ina ci da su, ko tsami ba su taɓa yi mini ba?"

"Gwaggo, ni na ƙera ta da hannuna. Ta duba baki fiye da dubu ɗari huɗu. Ba ta kuskure."

Tsohuwar ta gyara ɗaurin kallabi. "To. Tunda ke kika faɗa, an gama."

Da Uwani ta isa hawa na tara na Cibiyar wannan safiyar Laraba, sai ta tarar da Malam Nomau yana jiranta a bakin ƙofa da faranti a hannu. Malam Nomau shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji mafi tsufa a gidan. Shekara arba'in yana rina gilashi da hannu, sai Mariniya ta zo ta karɓe aikin, aka mai da shi mai lura da haƙoran da Awartaki ta cire kafin a kai su ƙonawa. Bai yi ƙorafi ba, amma ya ƙi rabuwa da kwalabensa huɗu da tsohon madubinsa na ganin ƙwayoyi, ya jera su a wani lungu da sauran ma'aikata ke kira gidan tarihi.

"Dakta, zo ki ga haƙoran marasa lafiyarki," ya ce.

"Ina kwana, Baba Nomau. Yau kuma da haƙora za ka yi mini karin kumallo?"

Bai yi dariya ba. Ya ɗauki ɗaya da ɗan matsefi ya juya mata shi. "Wannan na wani mahauci ne daga Sabuwar Kasuwa. Kin ga baƙin dutsen da ya bi saiwar har ƙasa? Kin ga naman ya janye? Wannan ya ci a cire shi tun bara." Ya ajiye, ya ɗauko wani. "Wannan kuma daga Karofi. Duba saiwar. Fara sol, nama a manne har wuya. Wannan ba cuta ce ta kayar da shi ba, mu muka tumɓuke shi. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tun da aka kafa Mariniya a kasuwar Karofi wata biyu da suka wuce, irinsu nake ta gani."

Uwani ta san alƙaluman Karofi. A cikin kowace tsohuwa goma da aka duba a can, tara mataki na huɗu. Ta riga ta rubuta bayani a kai, mai kyau kuwa: tsufa, rashin zuwa asibiti, tsohon ruwan rijiya. "Ido tsirara ba ya ganin farkon ruɓa, Baba," ta ce. "Ko idonka ya fi na Mariniya ne?"

"Ina! Ta fi ni ido sau dubu. Sai dai ni nakan kalli abu kafin in zuba masa rini."

Wani zai ji haushi. Uwani ba ta ji ba, domin ta tabbata da aikinta, kuma wanda ya tabbata ba ya tsoron a gwada shi. "Mu je gidan tarihin naka," ta ce. "Mariniya tana ajiye zare na biyu na kowane mutum har kwana talatin. Zan ciro maka wanda na fi sani, ka rina da hannunka, in ka ga ja sai ka bar ni in sha shayina."

Ta sa aka kawo zaren Gwaggo Tasalla daga ma'ajiya. Malam Nomau ya shafa gilashi biyu, ya ajiye ɗaya a gefe, ya shiga rina ɗayan. Ba ya gaggawa. Shunayya, ya ƙirga a ransa, ya ɗauraye. Aidin, sifirit, ja. Ya busar, ya ɗora a madubi, ya matsa mata.

Ta leƙa. Ja ne ko'ina, jawur. Ta ɗago da murmushi. "Ka gani?"

"Na gani." Ya zare gilashin, ya ɗora wanda bai rina ba. "Yanzu duba wannan."

Gilashin da ba a rina ba bai kamata ya nuna komai ba sai ɗigo-ɗigo marasa launi. Uwani ta leƙa, ta gyara madubin, ta sake leƙawa. Ja ne. Ko ɗigon rini bai taɓa gilashin nan ba, amma ƙwayoyin suna nan jajaye, kowace da rigarta. Ta ƙara girman hoton. Ba dogaye ba ne irin masu cin dasashi. Kewayayyu ne, a jere kamar tsakiya a zare, irin waɗanda ke zaune lafiya a bakin kowane mai lafiya. Fararen ƙwayoyin jini kuwa, waɗanda kan yi dafifi duk inda ake yaƙi da cuta, da ƙyar ta ga biyu.

Ta ɗago daga madubin. Nan take ta gane abin da ya faru: wani launi ya riga ya lulluɓe ƙwayoyin tun suna baki, ya hana shunayya shiga, sifirit kuma bai iya wanke shi ba. Mariniya ta haska fitila, ta ga ja, ta faɗi abin da aka koya mata.

Sai ta tuna mahaifinta a bakin rami. Duk zanen da aka kawo masa, ko mai shi ya rantse fari ne sabo, sai ya kakkaɓe shi ya ɗaga sama, ya kalle shi ta cikin rana, gaba da baya. Tana ƙarama ta taɓa tambayarsa dalili. Ya ce mutane kan kawo zanen da aka taɓa rinawa aka wanke, ido ba ya gani amma zaren ya sha, in ka tsoma shi haka launin da zai fito ba naka ba ne. Wannan ɗagawar ita ce gilashin shaida. Ita kuwa, 'yar Sule Marini, ita ta cire ta don kada jirgi ya wuce mutane.

Ba ta zauna ba. Uwani ba mai zama ta rafka tagumi ba ce. "Kawo zare ashirin na Karofi," ta ce. "Kada ka rina ko ɗaya."

Goma sha takwas suka fito ja tun kafin rini. Biyu ne kawai masu ciwo na gaske.

"Jini ba haka yake ba," ta ce, tana zagaye teburin. "Goro ma ba shi ba ne. Rabin garin nan na cin goro, na gwada shi tun farko, sifirit yana wanke shi."

Malam Nomau ya sosa gemu. "Karofi kaɗai. Mata kaɗai. Tsofaffi kaɗai. Me suke sa wa a baki wanda mazansu da 'ya'yansu ba sa sawa? Ke ce 'yar unguwar."

Ta tsaya cak. Ai ta sani. Ta sani tun tana goye. Da ramukan rini suka bushe, matan unguwar sun cika su da ƙasa suka shuka taba, ba don ganyen ba, don furen. Kowace la'asar sukan zauna a bakin ramukan su tauna goro, sannan su goga furen a haƙora har su yi ja kamar gauta, ado ne na iyaye da kakanni wanda sauran birnin ya manta shekaru aru-aru. Gwaggo tana da wani ɗan gwangwani da take tara busasshen fure don rani. A cikin baki dubu talatin da Uwani ta gwada na'urarta a kai, babu ko ɗaya da ya taɓa ganin fure.

"Amma Mariniya tana ɗaukar hoton baki," in ji Malam Nomau, yana duba allo. "Ga hoton gwaggon taki. Haƙora fari tas."

Uwani ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Baba, wace tsohuwar Karofi ce za ta je gaban likita da jan baki? Kunya ce a wurinsu. Ranar da za a duba Gwaggo, ina tsaye ta daka gawayi, ta bi da aswaki, ta yi ta dirza har suka yi fari. Har yaba mata na yi. Sun goge na waje, na ƙarƙashin dasashi yana nan, can ne kuwa zaren yake shiga."

Mutum nawa aka riga aka cire wa? Ta tambayi allo. Mata ɗari biyu da goma sha huɗu daga Karofi, zuwa jiya da yamma.

Tsayar da Awartaki sai da yatsa biyu a kan makulli, nata da na shugaban Cibiyar, Farfesa Lawandi. Ta san mutumin, ba ya motsi da magana, sai ya gani da ido. Ta aika ɗan jirgin saƙo marar matuƙi kasuwar Karofi, cikin minti goma sha biyar ya dawo da ƙunshin fure ɗanye. Ta karɓi goro a hannun Malam Nomau, ta nufi hawa na goma sha biyu.

Farfesa Lawandi yana shirya jawabin ranar Litinin, ranar da birane bakwai za su kunna nasu Mariniyar a tare. Ya saurare ta har ƙarshe, ya cire tabarau. "Dakta, na ji. Amma gilashi ashirin a lungun Nomau ba za su tsayar da Awartaki talatin ba. Ki gyara lissafin a hankali, bayan Litinin mu duba batun matan."

"Ranka ya daɗe, akwai Mariniya a bakin ofishinka. Ina roƙon minti goma."

Ta fara buɗe wa na'urar baki haka nan. Mataki na sifili. Sannan ta tsaya a tsakiyar barandar shugaba, a gaban sakatarori da baƙi, ta ɓare goro ta tauna, ta goga fure ta sake gogawa, tana tura shi gindin haƙora da yatsa kamar yadda ta ga ana yi tun tana yarinya. Da ta buɗe baki, wata sakatariya ta kasa riƙe dariya. Babbar likita, mai lambobin yabo, da baki jawur kamar kakar amarya. Uwani ba ta kula ba. Ta shiga bayi ta dirje haƙoranta da burushi har suka koma fari, ta dawo ta tsaya gaban tagar.

Minti ɗaya da rabi. "Mataki na uku," in ji Mariniya da muryarta mai laushi. "Ki ga likita cikin mako guda."

"Wannan gogawa ɗaya ce, ranka ya daɗe," Uwani ta ce. "Su shekara sittin suna yi."

Farfesa ya dubi akwatin. Ba mugun mutum ba ne, mai son a yaba masa ne kawai, irin ciwon da ita ma ta san ɗanɗanonsa. "In muka mai da gilashin shaida, minti huɗu ke nan. Jirgi biyu zai wuce mutane. Rabinsu ba za su tsaya ba."

"Su rasa jirgin. Wani yana zuwa."

Ya miƙa yatsa. Ƙarfe ɗaya da minti goma na rana, Awartaki talatin suka janye hannuwansu suka yi shiru.

Sauran yinin aiki ne, kuma aiki ba ya ba Uwani tsoro. Ta buɗe tsohon tsarin na'urar, ta mai da gilashin shaida, ta mai da duban siffa, ta sa doka cewa duk mataki na huɗu sai idon mutum ya duba gilashin kafin a ba da rana. Malam Nomau ya fito daga gidan tarihi da kwalabensa, aka ba shi babban tebur. Kafin la'asar, Mariniya ɗari uku sun karɓi gyaran. Ta sake gwada zaren Gwaggo a sabon tsarin: mataki na sifili. Baki ne da ya fi na yawancin 'yan shekara talatin lafiya.

Ta yi niyyar kiran Gwaggo a waya, sai ta fasa. Wayar tsohuwar kullum tana ƙarƙashin matashi, kuma wannan labari ne na faɗa baki da baki. Ranar Gwaggo gobe ce, ta riga ta tsere. Akwai mata ɗari biyu da goma sha huɗu da za ta fuskanta, wannan nauyin yana nan a ƙirjinta, amma aƙalla gidansu ya tsira, kuma daga can za ta fara. A tashar Karofi ta tsaya ta sayi rake, kara biyu masu kauri, irin wanda Gwaggo ke so.

Matan suna zaune a bakin ramuka kamar kullum, tsirran taba sun fi su tsawo, furanni a buɗe. Gwaggo Tasalla ba ta cikinsu. Tana ƙofar gida a kan tabarma ita kaɗai, ta ja gefen mayafi ta rufe baki.

"Sannu da gida, Gwaggo. Na zo miki da albishir."

"Ni ma ina da nawa, Uwata." Muryar ta fito wani iri, kamar ta mai magana da abu a baki. Ta sauke mayafin ta yi murmushi.

Farare ne, a jere, daidai wa daida, suna ƙyalli. Babu wushirya.

Raken ya suɓuce daga hannun Uwani. "Gwaggo, gobe ne fa. Alhamis aka ba ki."

"Da hantsi suka kira, wai wata ta fasa, akwai gurbi. Yau Allah ya sa wayar tana hannuna. Kin san tsoro ya fara shiga unguwa, ana ta ƙananan maganganu, wai na'urar tana cire na lafiya. Na ce ƙarya ne, 'yata ce ta ƙera ta. In ni gwaggonta ina jan ƙafa, wa zai je? Ladiyo da Kuluwa ma yau ce ranarsu, sun ce ba za su ba. Na kama hannunsu muka tafi tare." Ta taɓa leɓenta. "Babu zafi kam, gaskiyarki. Sai dai sun ce ban da rake, kuma waɗannan fure ba ya kama su. Na ba maƙwabciyata Delu gwangwanina."

"Ƙarfe nawa aka yi?"

"Sha ɗaya da rabi muka fito."

Sha ɗaya da rabi tana hawa na tara, hawa shida kacal sama da kujerar Awartaki, tana leƙa gilashin matar nan a madubi. Sunan yana kan allo tun hantsi. Da ta duba jerin yau, da ta gani. Ba ta duba ba, saboda ta tabbata.

Uwani ta durƙusa a bakin tabarmar. Ba ta nemi kalmomi masu taushi ba, ta faɗa yadda abin yake: furen, gawayin, gilashin da ta cire, da abin da ya sa ta cire shi. "Lafiyarsu ƙalau, Gwaggo. Duka goma sha ɗayan. Ni na yi kuskure, ba na'urar ba. Ki yafe mini."

Tsohuwar ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Harshenta ya yi ta yawo a bayan baƙin haƙoran yana neman gurbin da ya saba. Sannan ta kwance ƙullin bakin zaninta. "Na ce su ba ni abina, ba a zubar da jikin mutum a shara. Na yi niyyar binne su a ramin ubanki." Ta juye su a tafin hannun Uwani. "An tsayar da abin?"

"An tsayar, Gwaggo. An gyara."

"To, wannan kin yi daidai. Nawa kuma, ni na goya ki, tsakanina da ke ne, za mu ƙare shi a gida." Ta nuna bakin ramuka da haɓa, inda mata biyu ke zaune gefe guda, kowace ta rufe baki da mayafi. "Amma waɗancan da bakina na ce musu ba kya kuskure. Ba ni zan je in warware ba."

Uwani ta ɗauki haƙori ɗaya, na gaba, ɗaya daga cikin biyun da suka yi wushiryar. Ta ɗaga shi sama, ta kalle shi ta cikin ranar la'asar, gaba da baya. Saiwar fara sol, babu tabo, sai wani siririn jan layi a wuyansa inda furen shekara sittin ya kwanta. Dubawar ba ta ɗauke ta ko ƙiftawa uku ba.

Ta mai da shi cikin 'yan'uwansa, ta ɗaure wa Gwaggo ƙullin da hannunta. Sannan ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta nufi wurin Ladiyo da Kuluwa. Da suka hango ta, sai suka sauke mayafi suna murmushi, don su nuna mata yadda aikinta ya yi kyau.